Yakuwa a bokitin fenti: wasiƙa daga Obalende

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in yi magana da 'yan uwana mata da aure ya kawo Ikko. In aka ambaci Legas a shafukanku, ko gobarar kasuwa ce ko cunkoson motoci a gadar Third Mainland. Mu da muke kwana muke tashi a tsibirin nan muna da wasu labaran, ƙanana ne dai, na tukunya da bokiti.

Shekarata 9 a Obalende, kuma danshi ya fi Yarbanci ba ni wuya. Kukar da mahaifiyata ta aiko min daga Funtuwa ta dunƙule kafin wata ya zagayo, busasshiyar kuɓewa ta yi fumfuna, gishiri ma gumi yake yi a gwangwani. Ruwa yakan zuba daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba. Na daɗe girkina yana jiran motar Arewa ta sauke kaya a kasuwar Mile 12.

A jikin katangar gidan da muke haya akwai wani jan fure da mai gidan ta shuka, wata dattijuwar Bayarbiya da muke ce wa Mama. Faɗinsa ya kai tafin hannu, da dogon tsinke a tsakiya mai ɗauke da rawayan gari. Ya buɗe da safe, washegari ka same shi a ƙasa. Wata rana 'yata ta dawo daga makaranta ta ce malaminsu ya ce furen nan ɗan uwan zoɓo ne. Ban yi wata-wata ba na roƙi Mama, na cika kwano, na tafasa da citta da kanumfari. Ruwan ya fito da yauƙi, launinsa ya dushe, babu tsami ko na misƙala. Da na matsa lemun tsami sai ya koma ja wur, amma yauƙin yana nan. Maigida ya kurɓa sau ɗaya ya ce, "Uwargida, wannan sha za a yi ko da tuwo za a ci?"

Wani tsoho Bakatsine mai sayar da dashen furanni a bakin titi a Ikoyi ne ya warware min. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Hajiya, ai zoɓo ba fure ba ne. Jan ɓawon nan ne da ke rungume da 'ya'yan bayan furen ya kaɗe." Ya ce yakuwa da rama da kuɓewa da furen Mama duk gida ɗaya ne, in duba furen kuɓewa in gani. Na ce, "Baba, to yakuwa za ta yi a nan?" Ya ce me zai hana, in dai na huda gindin bokitin.

Ban huda da kyau ba. Ruwan Yuni ya kwanta a bokitin fenti biyar, saiwar ta ruɓe. Karo na biyu na ƙara ƙofofi da ƙusa, na gauraya baƙar ƙasa da yashi, na ja su ƙarƙashin rumfa inda rana ke samunsu. Ruwan sama nake tara musu, don na rijiyarmu yana da ɗan gishiri-gishiri. Kafin wata biyu na fara tsinkar ganye.

Miyar farko da busasshen jatan-lande na yi ta, da iru, wato daddawar Yarbawa. Kalwar ɗorawa ce ɗaya da tamu, sai dai tasu da laima ake sayar da ita kuma ba a daka ta. Ni dai na ga ta fi narkewa a miya, ko da matan Funtuwa za su yi min ca. Masa kuwa na gwada kwaɓa ƙullunta da madarar kwakwar Badagry, na farko ya kama tanda, na biyu yara suka cinye kafin in zauna.

Roƙona, Edita, a ware mana ɗan gurbi a shafin mata don irin wannan. Ina neman wadda ta taɓa busar da zoɓo a garin nan bai yi fumfuna ba ta faɗa min yadda ta yi, don nawa ya fara ɗaure ja. Mama ma ta wanke bokiti biyu tana jiran iri.

Taku mai karatu,
daga Obalende, Legas