Rahoton kwamitin gyaran jirgin fiton garinmu

Assalamu alaikum jama'ar gari, na gida da na waje. Alhamdulillahi aikin jirginmu na katako da ke fito da mutane zuwa kasuwar Yauri ya kammala, ya koma ruwa, ga bayanin yadda abin ya gudana tunda kuɗinku ne.

Kun dai san halin da yake ciki, duk shekara sai an cusa tsumma an bi da kwalta amma kafin damina ta raba sai ka ga yaro zaune a tsakiya yana ta kwalfar ruwa, kuma tun hatsarin jirgin Warrah na 2021 babu mai son wasa da yoyo. Shi ya sa taro ya yarda a rufe jikinsa ta waje da zanen faiba, wato zane mai zaren gilashi, da gam ɗin ifoksi. An kawo mana shawarar wani gam mai arha wato foliyesta, muka ƙi, don bai kama katako kamar ifoksi.

Mun fito da shi cikin hunturu muka kife shi a ƙarƙashin rumfa sati uku yana bushewa, wasu har sun fara ƙorafi wai mun yi sanyi, to gam ɗin nan ba ya shiri da jiƙaƙƙen katako ko kaɗan. Kafinta ya canza alluna huɗu da suka ruɓe, aka kankare tsohuwar kwalta tas aka bi da sanfefa.

Inda muka sha karatu shi ne tazarar da ke tsakanin shafa da shafa. Ifoksi ruwa biyu ne ake haɗawa bisa awon da ke jikin gwangwani, kuma kaɗan kaɗan, in ka dama da yawa a kofi zafi yake ɗauka ya daskare a hannunka. Shafar farko ita ke jiƙa zanen ta manna shi da katako, sai a ƙara biyu don cike saƙar. Ba agogo ake kallo ba, taɓawa ake da safar hannu, in yana danƙo amma bai biyo yatsa ba to lokacin ke nan, a nan sabon yake haɗewa da na ƙasa su zama abu guda. Da rana tsaka cikin 'yan awoyi ya kai, da sanyin safiya kuwa sai ka yi ta jira.

Ɓangaren dama mun samu shafa uku a jere ba tsaiko. Na hagu ne aka yi rasuwa a gari bayan shafar farko, Allah ya jiƙan mamaci, duk muka tafi jana'iza da zaman makoki, kafin mu dawo ya kwana biyu ya yi tauri ga wani maiƙo kamar kakin zuma a samansa. Wallahi akwai waɗanda suka ce a shafa kawai a wuce, mai aikin ya ce sam, in aka yi haka ɓarewa zai yi. Sai da aka wanke da ruwa da soso, ya bushe, aka goge da sanfefa mai lamba 80 har ƙyallin ya mutu sannan aka ci gaba. Kwana ɗaya da rabi ya ci mana da ƙarin kuɗin sanfefa, kuma mun goyi bayan mai aikin ɗari bisa ɗari.

Wani abu kuma, shafar farko a kan katako da la'asar muka riƙa yi lokacin da zafi ke sauka, don in katako na ɗumama iska yake fitarwa sai ka ga ƙananan kumfa. Ƙurar hunturu ma sai da muka kewaye rumfar da tamfol.

Bayan shafar ƙarshe mun bar shi sati guda, aka sake gogewa aka yi fenti saboda rana na cin ifoksi. Tun da ya shiga ruwa dai ƙasansa a bushe yake.

Roƙonmu ga matuƙa, a daina jan shi a kan duwatsun mashaya, kuma a kiyaye lodi. Rasit duk suna hannun ma'aji, ranar Juma'a bayan sallah za a karanta lissafi a ƙofar maigari, kuma ragowar kuɗin muna ba da shawarar a sayi rigunan ruwa na ceto da su.