Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Sufuri na Jihar Kano kan baƙin da ke ɓata a titunanmu

Mai girma Kwamishina, assalamu alaikum. Barka da ƙoƙari.

Mu mutane ne masu tarbar baƙi: fatake daga Maraɗi da Damagaram, 'yan sari daga Chadi da Kamaru, majinyata daga Jigawa da Yobe, da iyayen da suka rako 'ya'yansu Jami'ar Bayero. Kukan da muka kawo maka guda ɗaya ne. Duk ilimin hawa abin hawa a Kano yana cikin kan 'yan gari, ba a rubuta shi a ko'ina ba, baƙo kuma shi ke biyan kuɗin rashin sani.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ta zama ƙafar gari. Hayis ta ja baya, tasi sai an yi da gaske ake samu. Ita kuwa adaidaita ba ta da tasha tsayayya, ba a rubuta mata inda ta nufa. Ɗan gari ya san zai tsaya a hannun da ya dace, ya ɗaga hannu, ya faɗi sunan unguwa, direba ya tsaya ko ya kaɗa kai ya wuce. Ya san a yi ciniki kafin a zauna, ya san a ce "ina da dubu ɗaya" tun da wuri don kada a yi rigimar canji a wurin sauka. Baƙo bai san ko ɗaya ba.

Inda aka fi cutarsa shi ne wajen shata. Mutum ya sauka a Na'ibawa ko Unguwa Uku da jaka a kafaɗa, ya ce Kantin Kwari zai je. Hanya ce da ake bi ana ɗiban fasinja, ta titin Zariya, a wuce Gyaɗi-Gyaɗi da Dangi, a faɗa wajen Ƙofar Nassarawa. Amma da direba ya ji harshensa sai ya ce masa "shigo", ya ƙi ɗaukar kowa, a wurin sauka ya nemi kuɗin kujera uku har da ƙari. Ba duka direbobi ke haka ba, akasarinsu masu neman halak ne da balas ɗin mai keke, wato kuɗin da suke kai masa kullum, ke jiransu da yamma. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya, har ɗan gari ma sai ya tambaya, to ina ga wanda jiya ya tsallako iyaka da sefa a aljihu, bai ma kai Wapa ya yi canji ba?

Sai rikicin sunaye, wanda muke ganin ya fi komai ɓata wa baƙi lokaci. Rijiyar Lemo tana kan titin Katsina, Rijiyar Zaki tana kan titin Gwarzo. Wanda ya riƙe "Rijiya" kawai zai iya tsintar kansa a wani ɓangaren gari daban. Jami'ar Bayero gida biyu ce, tsohuwa da sabuwa, da tafiya mai tsawo a tsakaninsu. Takardar da likita ya ba majinyaci tana ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, direba kuwa Asibitin Malam ya sani. Wanda ya ce "Murtala" ya yi shiru, ba a san ko asibitin yake nufi ko Gidan Murtala ba. Taswirar waya ba ta raba wannan gardama, domin ita sunayen tituna take bayarwa, mutanen Kano kuwa da Bata da 'Yankura da Kabuga suke kwatance. Ga kuma tsoron fito da wayar a cikin cunkoso saboda masu ƙwace.

Tafiya mai hawa biyu ma ba wanda ke gaya wa baƙo. Mai zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau daga Unguwa Uku da wuya ya sami keke guda da zai kai shi a kuɗin fasinja. Sai ya shigo gari ya sauka, ya nemi masu bin titin Katsina ta Kurna da Bachirawa. Idan bai san haka ba zai yi ta tsayuwa a rana ana kaɗa masa kai.

Abin da muke roƙo bai kai kuɗin gada ɗaya ba. A kafa babban allo a bakin kowace tashar da baƙi ke sauka: Na'ibawa, Unguwa Uku, 'Yankaba, Ƙofar Ruwa, Kabuga, da tashar manyan motoci ta Sabon Gari. A rubuta manyan wurare kamar goma, Kwari, Singa, Sabon Gari, Kurmi, Dawanau, asibitoci da jami'o'i, da hannun da za a tsaya, da inda za a sauya keke. A yi shi da boko da ajami, a tasoshin da mutanen Nijar ke sauka a ƙara Faransanci. A gefen kowane suna a sa kuɗin fasinja da kuɗin shata. Wannan gurbin a bar shi yadda za a iya gogewa a sake, a zauna da shugabannin 'yan adaidaita a daidaita shi duk lokacin da farashin mai ya motsa; farashin da aka ƙaƙaba musu ba da yardarsu ba ba zai kwana ba, yajin aikinsu na 2021 da 2022 ya nuna yadda gari ke tsayawa cak idan suka ajiye makulli.

Lambar rajistar da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, ke bayarwa a jikin keke ta waje take. Fasinja a ciki yake zaune. A sa a rubuta ta ɓaro-ɓaro a bayan kujerar direba, tare da lambar waya ɗaya da ake ɗauka da gaske. Ɗan sari da ya manta ƙunshin atamfa a keke ba shi da abin da zai faɗa sai "ruwan ɗorawa ce", alhali dukkansu launinsu ke nan.

Na ƙarshe shi ne dare. A watan Yulin 2022 gwamnati ta hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, amma motocin Abuja da Maiduguri da na kudu ba su daina isowa a makare ba. Matsayin wannan doka a yau ya kamata ya fito a kan allon nan, kuma kowace babbar tasha ta sami motoci masu rajista, ko da biyar ne, waɗanda aka san direbobinsu da suna, da rumfa mai fitila inda mace da yara za su jira gari ya waye. A fara da Na'ibawa da Ƙofar Ruwa, a gwada wata uku, a ji ta bakin direbobi da fasinjoji kafin a kai sauran.

Allah ya yi maka jagora.

Daga wasu masu masaukin baƙi a birnin Kano.