Ina Za Mu Kai Yaranmu In An Yi Hutu?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka bani ɗan fili a jaridarmu in amayar da wani abu da ya daɗe yana cin raina. Wasu zasu ga kamar ƙaramar magana ce, amma duk mai 'ya'ya a gida ya san ba ƙarama bace. Ni magidanci ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, yadi nake saidawa a kasuwa, Allah ya bani yara huɗu, babban shekararsa 14 autar kuma 5. Duk shekara da an rufe lakol a watan Yuni an shiga dogon hutun nan da muke cewa vakans har zuwa Satumba, to fa tsakar gidana ta koma majalisa, kowa da inda yake so a kai shi.

Mu a zamaninmu babu wannan rigimar, hutu na zuwa za a sa ka a mota sai ƙauye wajen kaka ka taya su noma, da dare a fito dandali maza na langa mata na gaɗa, shikenan hutu ya yi. Yanzu kuwa waya ta kawo masu duniya har kan tabarma. Ƙanena yana zuwa Dubai saro kaya, wata tafiya ya tsallaka Abu Dabi ya ɗauko masu bidiyon wani wurin wasa da ake kira Ferrari World wanda aka buɗe a 2010, a ciki akwai wani jirgin wasa mai bin dogon ƙarfe yana hawa yana gangarowa, Formula Rossa sunansa, gudunsa yana kaiwa kilomita 240 a awa ɗaya, har tabarau ake ba mutum ya sa saboda ƙarfin iska. Tun ranar babban ɗana bashi da zance sai wannan. Mai bi masa mace ce, ita Disneyland na Faransa take so saboda gidan sarautar nan mai dogayen hasumiyoyi, na ukun yace shi ko ina ne indai akwai ruwan da za a sulalo daga sama a faɗa ciki, autar kuma tace Baba ni doki nake so mai zagayawa da fitilu.

Bana son in ce ma yaro a'a ba tare da dalili ba, don haka wani dare bayan isha'i na ɗauko biro da takarda na zaunar da manyan biyu muka yi lissafi tare. Disneyland ɗin yana gabas da birnin Paris, tun 1992 yake aiki, kuma lokacin cunkoso kuɗin shigar mutum ɗaya na wuni guda yana iya haura yuro 100. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, kenan sama da sefa dubu 65 kafin ka sha ko ruwa. Mu shida ne da mamansu. Ga biza, kuɗin neman ta kawai yuro 90 ne ga babba, kuma in an hana ka ba a maida maka ko dala, ga jirgi ga masauki ga abinci. Bamu kai ƙarshen takardar ba yarinyar ta ɗago tace Baba wannan ai kuɗin gida ne. Wallahi naji daɗi da ta gane da kanta, amma kuma naji wani abu ya tsaya min a ƙirji, don ba Faransa ce ta dame ta ba, wuri take so mai kyau da tsafta inda za ta yi wasa ta dawo ta ba ƙawayenta labari.

Najeriya ta fi kusa, kuma tunda naira ta faɗi sefarmu tana da auki a can. Abuja akwai wurin wasan yara babba kusa da filin ƙwallo na ƙasa, Kano akwai gidan zu na Audu Bako, Bauchi ga Yankari da ruwan ɗumin Wikki wanda ɗuminsa baya sauka daga wajen digiri 31 rani da damina. Mai 'yan uwa a can zai iya haɗawa da zumunci ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sai dai hanyar iyaka da damina, da ƙananan yara a mota, da shingaye, ba kowace uwa ce za ta yarda ba, tawa dai bata yarda ba.

To sai namu na gida, kuma nan ne maganar take. Malam Edita, Allah ya yi ma yankin nan arzikin da su masu ƙarfe da fitilu basu da shi. Gandun dajin Binuwai yana nan a hanyar Ngaundere, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,800, akwai dorina da ɓauna da gwanki da gwaggon biri da kada. Ga Buba Njida a gabas, ga Faro a yamma, ga Waza can sama da Marwa wanda ya zama gandun ƙasa tun 1968, da raƙuman dawa da jiminu da giwaye, duk da dai tun 2013 da aka sace wasu Faransawa iyali guda a yankin, da fitinar da ta biyo baya, mutane suka ja baya da zuwa. 'Yan uwanmu na Cadi suna da Zakuma, wanda tun 2010 aka gyara tsaronsa har giwaye suka koma haihuwa. Ga duwatsun Rumsiki da Turawa suka riƙa biyan kuɗin jirgi domin su zo su gani kawai.

Amma ga matsalar da ban taɓa jin an tattauna ta ba. Waɗannan wurare duk na rani ne. Lokacin ganin namun daji daga wajen Disamba ne zuwa Afrilu ko Mayu, sanda ciyawa ta bushe aka ƙone ta, ruwa ya janye, dabbobi suka taru a bakin kogi da tafkuna. Shi kuwa dogon hutun yara daidai yake faɗawa da damina, ciyawa ta fi mutum tsawo, hanyoyin cikin daji sun zama taɓo, rafuka sun cika, ko ka shiga ba abin da zaka gani sai kore, Zakuma ma rufe shi ake yi gaba ɗaya don ruwa ke malale shi. Wato wata ukun da yara ke zaune a gida sune wata ukun da dajin ya rufe ƙofa. Shi yasa zaka samu yaro an haife shi a Garwa ya girma a Garwa bai taɓa ganin ɓauna da idonsa ba, amma ya san sunan kowane lilo na Dubai.

Bara da muka rasa yadda zamu yi, Ngaundere muka tafi. Muka shiga bas da sassafe, tafiyar bata kai kilomita 300 ba, da muka fara hawan tsaunin nan da muke cewa falez yara suka manne da taga suna kallon yadda ƙasa ke nisa a ƙasa, iska ta sauya, sanyi ya fara shigowa. Kwana huɗu muka yi a gidan yayar mamansu. Muka je tafkin Tizon, muka je inda kogin Vina ke zubowa daga dutse, da damina kuwa ruwan yana da ƙarfi har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai yaji ka, muka wuce ta ƙofar fadar Lamiɗo, muka ci kilishin garin da ake ta yabo. Amma ka san abin da yafi burge na ukun? Jirgin ƙasa. Da yamma muka je tashar jirgi da muke cewa gar muka tsaya yana kallon jirgin da ke kwana a hanya zuwa Yawunde, bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai ranar, har yau in ya samu kwalayen ashana jera su yake yi yana ja. Duk abin da muka kashe bai kai kuɗin bizar mu biyu ni da mamansu ba.

Sai dai ba kowa ke da 'yar uwa a Ngaundere ba, kuma kwana huɗu ba wata uku bane. Dokin autata mai fitilu ma bamu same shi ba.

Mun taɓa samun irinsa sau ɗaya, kuma har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Wasu ne suka zo ƙarshen shekara suka kafa kayan wasa a wani fili, irin karmes ɗin nan na sati biyu, da kiɗa da fitilu da masu saida alawa. Na kai yaran. Na ukun ya hau wata majaujawa mai ɗaga mutane sama, yana can ƙoli wuta ta ɗauke, janaretan da muke cewa gurup kuma yaƙi tashi, yaro na sama yana kiran Baba Baba ni ina ƙasa ba abin da zan iya, sai da samari suka taru suka riƙa juya abin da hannu kafin aka sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Da na duba kujerar da ya zauna, ƙarfen da ke tare cikinsa da waya aka ɗaure shi. Waya fa, irin ta shanya. Na nemi mai wurin aka ce ya fita. Tun daga ranar duk inda zan kai yaro sai na fara zagaya wurin ni kaɗai, in duba sarƙa da kusoshi ko sun yi tsatsa, in ga ko akwai babban mutum tsaye a kan kowane inji ba yaro ɗan uwansu ba, in tambaya in wuta ta ɗauke me ake yi. In mai wuri ya ji haushin tambayar to na samu amsata, sai mu juya. Haka in aka je madatsar ruwa ta Lagdo za a shiga kwalekwale, iyaye don Allah ku tambayi rigar ruwa kafin yaro ya sa ƙafa.

Kirana ga masu hali na Garwa da Marwa da Ngaundere har Kuseri da Njamena, da magadan gari da muke cewa mer. Muna da attajirai masu manyan motocin dakon kaya, masu otal, masu gidajen mai, Allah ya ƙara buɗi, shin ba wanda zai dubi yaran nan ya gina masu wuri na dindindin? Ba Disneyland muke nema ba. Shi kansa Walt Disney da ya buɗe na farko a Kalifoniya a 1955, yace tunanin ya zo masa ne yana zaune kan benci yana kallon 'ya'yansa mata biyu suna hawa dokin wasa, yaga ya kamata a samu wurin da iyaye da yara zasu ji daɗi tare. Uba ne kawai kamar mu da ya kai yara wasa.

Kuma kar a ce ba kasuwa. Wanda yake Garwa a Janairun 2022 lokacin gasar cin kofin Afirka yaga yadda filin Rumde Ajiya ya cika da mutanen Yola da Mubi da na Cadi sanda Najeriya ke buga wasanninta a nan, otal ba wuri, masu moto da masu gasa kifi suka samu alheri. Mutanenmu suna fita in an basu inda zasu je. Ranar sallah kaɗai ka duba yadda yara ke yawo cikin sabbin kaya da kuɗin barka da sallah a hannu, an gama kallon hawan doki kuma ba sauran wurin zuwa sai gidan zu da bakin titi.

In za a gina kuma a gina shi irin na ƙasarmu. Zafin Garwa a Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, sulun ƙarfe da rana ta gasa zai iya sale ma yaro fata, su Larabawa da suka san zafi shi yasa yawancin nasu a rufe suke da sanyi a ciki. Mu bamu da wutar yin haka, amma muna da darbejiya da mangwaro, a dasa su da yawa, a yi rumfuna masu tare rana da ruwan sama tunda da damina za a fi zuwa, a buɗe daga la'asar zuwa bayan isha'i, a sa sola. A yi masallaci da wurin alwala, a yi banɗaki mai tsafta na mata daban, a ware inda iyaye mata zasu zauna hankali kwance ba samari na damunsu ba. Kuɗin shiga ya zama wanda mai yara shida zai iya biya ko sau ɗaya a wata. Abin da yafi komai kuma a ɗauki makaniki na dindindin a riƙa biyansa, don ciwonmu a nan ba ginawa bane, gyara ne, sai a buɗe abu da biki da jawabi bayan shekara biyu ka tarar awaki na kwana a ciki.

Ni dai na riga na shiga adashi a kasuwa, kwasata za ta faɗo a Disamba daidai ɗan hutun ƙarshen shekara, mun yi magana da wani maƙwabcina zamu haɗa kuɗi mu ɗauki mota ɗaya mu kai yaranmu gandun Binuwai su ga dorina da ɓauna in Allah ya kaimu. Babban ya yarda, yace zai ɗauki bidiyo ya tura ma baffansa na Dubai. Autar ce har yanzu kullum in na dawo daga kasuwa sai ta tare ni a zaure tace Baba an kawo dokin?

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani magidanci daga Garwa, Kamaru