Dogaro ga Allah bai hana Kirista shan magani ba

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan uwana Kiristoci na karkarar Kano da Jigawa game da wata koyarwa da ta fara shigo mana ƙauyuka. Wasu masu wa'azi da ke zuwa daga birni suna gaya wa marasa lafiya cewa mai bangaskiya ba ya ciwo, wai shan magani ma alama ce ta rashin amincewa da Ubangiji. Na je gaisuwar rasuwar wani yaro mai ciwon sikila a yankin Sumaila, na tarar da mahaifiyarsa a kan tabarma, kunun da aka kawo mata ya huce ba ta taɓa ba, tana tambayar matan zumunta na ikilisiya ko raunin bangaskiyarta ne ya kashe ɗanta, domin abin da aka faɗa mata a wurin addu'ar dare ke nan.

Littafi Mai Tsarki, wanda muke da shi da Hausa tun 1932, bai koya mana haka ba. Ayuba adali ne, amma ya rasa dukiya da 'ya'ya goma, gyambuna suka rufe masa jiki. Abokansa uku sun kyauta da suka zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suna laluben laifinsa sannan Allah ya yi fushi da su. A Yohanna sura 9, da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya ce ba na makahon ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi, kuma shi ne ya kira Luka ƙaunataccen likita.

Tarihinmu ma shaida ne, domin wasu cikin kakanninmu a wurin jinyar kuturta a Yadakunya suka fara jin bishara, asibitin ido na ikilisiyar ECWA da ke Kano kuwa tun 1943 yake duba Musulmi da Kirista. Waɗanda suka yi wannan hidima addu'a suke yi da safe, sannan su ɗauki allura.

Saboda haka ina kira ga fastoci da dattawan ikilisiya su daina ba irin waɗannan baƙi bagade, wato wurin wa'azi, ba tare da sun san abin da za su koyar ba. Su kuma ware wani abu daga baikon Lahadi domin kuɗin motar kai mara lafiya asibiti, musamman da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, hanyoyinmu kuma suke lalacewa.

Naka,
Wani mai karatu daga ƙaramar hukumar Sumaila, jihar Kano