Amsa ga ɗalibin da ke son ganin wuraren bautar Hindu a Baranasi

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka ce kana karatu a Indiya, kana so ka leƙa tsofaffin wuraren bautar Hindu a Baranasi, ka kuma tambaya ko ana barin wanda ba ɗan addinin ba ya shiga. Ana bari, amma ba ko'ina ba. Hukuncin shigar kuwa sai malamanka. Namu hanya ce kawai.

Kada ka fara da Kashi Bishwanat, babban wurin bautar Shiba (ɗaya daga manyan abubuwan bautar Hindu), duk da shi ne ya fi suna. Fara da sabon Bishwanat da ke cikin Jami'ar Hindu ta Banaras (wani sunan Baranasi ne), wanda aka kammala a 1966. Ƙofarsa a buɗe take ga kowa, ba turereniya, a nan za ka koyi inda ake tuɓe takalmi da yadda ake zagaye, abin bautar yana hannun dama. Daga nan sai wurin bautar Bharat Mata, wato Uwa Indiya, wanda Gandhi ya buɗe a 1936. Taswirar Indiya ce a ciki, an sassaƙa ta da farin dutse.

Shi Kashi Bishwanat sarauniya Ahilyabai Holkar ce ta gina na yanzu a 1780, daga baya sarki Ranjit Singh ya ba da zinaren da aka lulluɓe ƙubbarsa. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da masallacin Gyanbapi, wanda aka gina a zamanin sarki Aurangzeb bayan rushe tsohon wurin bautar a 1669, kuma rigimar filin ta kai kotu. Shi ya sa 'yan sanda suka yi dafifi a wurin. Kada ka ɗauki hoto, kada ka ja musu a kan maganar. Tafi da fasfo. Waya da jaka da bel na fata duk a akwatin ajiya za su tsaya, kuma a na hukumar wurin za ka ajiye. Masu shagon fure za su ce kyauta za su riƙe maka, kana dawowa sai su ɗora maka kwandon furen da ba ka taya ba. Mota ba ta shiga lungunan. A mahaɗar Godauliya za ka sauka ka taka.

A ciki, wani zai miƙo hannu zai shafa maka jan gari a goshi, wani ya ba ka alawar da aka riga aka miƙa wa abin bauta. Ka dafa ƙirji, ka girgiza kai, ka wuce. Da ka karɓa, kuɗi za su biyo baya.

Ranar zuwa ita ce rabin tafiyar. Litinin ranar Shiba ce, watan Sawan kuma, tsakanin Yuli da Agusta, layin Kashi Bishwanat kan ci sa'o'i, ga kogin Ganga ya cika ya shanye matakalan da ke gangarawa bakinsa har a kan hana kwale-kwale fita. Talata da Asabar na Hanuman ne, wani abin bautarsu, a ranakun nan ka ƙaurace wa wurin bautarsa na Sankat Mocan, inda aka tsaurara bincike tun bayan bam ɗin 2006. Birai ma a can ba su da kunya, ka ɓoye tabarau da ledar abinci. Daga Oktoba zuwa Maris ya fi, sai dai hazon Disamba da Janairu kan makarar da jirgin ƙasa.

Da magariba ake bikin fitilu a matakalar Dashashwamed da ke bakin kogin, wajen minti 45. Daga cikin kwale-kwale ya fi ganuwa, amma ku gama ciniki kafin ka sa ƙafa, ka tabbatar ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka. A Manikarnika, inda ake ƙona gawa dare da rana, mayar da waya aljihu, kada kuma ka kula mai neman “sadakar itace” na ƙona gawa.

Sai lassi, wato kindirmonsu mai sukari. In ka ji an ce “bang” ko “na musamman”, wiwi aka dama a ciki, ka nemi fari zalla.

Allah Ya kai ka lafiya.