Wasiƙar Godiya Ga Ofishin Wasanni Da Malamin Ƙwallon Gora Na Makarantar Yaranmu

Zuwa ga Shugaban Ofishin Wasanni, da Malam mai horar da ƙungiyar ƙwallon gora (hoki),

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da sauran malaman makaranta. Allah ya sa haka, amin.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda abin da zan gode muku a kansa a bainar jama'a kuka yi shi, a gaban yara da iyaye da 'yan kallo, kuma kun sha surutu a kansa. Ban ambaci sunan makaranta ko na kowa ba don kada in jawo wa yara ido, amma duk wanda ke zuwa bakin filinku a nan Kaduna ya san da wa nake.

Yara biyu ne daga gidana suke wasa a ƙungiyarku: ɗana na cikina, da ɗan ƙanena da nake riƙo. Ɗana, Allah ya ba shi hannu. Tun ranar da ya fara riƙe gora aka ga alama. A wannan wasa da gefen gora mai faɗi kaɗai ake taɓa ƙwallo, ba a yarda a buga da bayanta ba, don haka duk mai son ya yanke abokin karawa sai ya iya juya gorar a tafin hannu yana jan ƙwallo dama da hagu. Wasu yaran sai sun yi zango guda suna fama kafin hannunsu ya faɗa, shi kuwa kamar da abin aka haife shi. Ɗan ƙanena ba haka yake ba. Ya shigo a makare, jikinsa da nauyi, kuma ƙwallo ba ta da wurin zuwa sai ƙafarsa, alhali taɓa ƙwallo da ƙafa laifi ne ga kowa in ban da mai tsaron gida. Yara har suna suka sa masa saboda yawan busa usur da ake yi a kansa. Da ni aka tambaya a lokacin wa zai riƙa fara wasa a cikinsu, ba sai na yi tunani ba.

Malam, littafinku ne ya raba gardama. Wannan littafi mai baƙin bango da kuke sa wa a ƙarƙashin hammata, wanda gefensa ya yi ja da ƙurar fili. Sunan kowane yaro na ciki, da ranakun atisaye, da wanda ya zo kafin a fara, da wanda ya makara, da wanda ya aiko da uzuri. Kuma ba zuwa kaɗai kuke rubutawa ba. Yaran sun ce akwai wata alama da kuke yi wa wanda ya koma baya da gudu ya tare gida bayan an ƙwace masa ƙwallo, da wata ga wanda ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallo. Tun ranar farko kuka gaya musu cewa da wannan littafi za a raba mintocin wasa, kuma kuka aiko mana da takarda muka sa hannu. Takardu da yawa muke sa wa hannu a shekara. Wannan dai an yi aiki da ita.

Ga iyayen da ba su san wasan ba, akwai abin da ya kamata su gane kafin su ga nauyin abin da kuka ɗauka. A ƙwallon ƙafa canji ƙidayayye ne, kuma wanda aka fitar ya fita ke nan. A ƙwallon gora tun farkon shekarun 1990 aka saki canji: mutum goma sha ɗaya ne a fili, amma mai horarwa na iya fitar da yaro ya huta ya sake mayar da shi sau nawa ya ga dama, ba tare da an tsayar da wasa ba, sai dai in an ba da gajeren bugun kusurwa, wato bugun da ake ba masu kai hari in masu tsaro sun yi laifi a kusa da gidansu, nan ne doka ta hana. A dokar yanzu wasan minti 60 ne, kashi huɗu, kowane kashi minti 15. Ga shi babu satar gida, kuma tun 2009 aka yarda wanda aka yi wa laifi ya ɗauki ƙwallo da kansa ya ci gaba ba sai ya ba wani ba, don haka gudu ba ya tsayawa, babu yaron da zai iya yin wasan duka da ƙarfinsa. Abin nufi, mai horar da ƙwallon gora ba shi da mafakar cewa canji ya ƙare masa. Duk yaron da ya wuni a benci, da gangan aka bar shi. Duk wanda ya shiga, da gangan aka sa shi. Mintocin nan sittin su ne dukiyar da ke hannunku, kuma kowa na ganin yadda kuke raba ta.

Da aka shiga zango na biyu sai ɗana ya fara sakaci. Yau ciwon kai, gobe an aike shi, jibi ya tsaya kallon ƙwallon Turai a gidan kallo. A ransa gurbinsa ba mai taɓa shi, tun da shi ke ci musu ƙwallaye. Shi kuwa ɗan'uwansa, da an idar da sallar la'asar ya saɓa gora ya fita. Da hunturu ya kankama, atisayen safiyar Asabar ya zama sai mai niyya, leɓe na tsagewa, yatsu ba sa son riƙe gora, amma na sha jin ƙarar ƙofar gida tun gari bai gama wayewa ba.

Ranar da kuka kara da makarantar da ta fi ba ku wahala, kuka karanta sunayen masu farawa, babu ɗana a ciki, ɗan ƙanena na ciki. Ina bakin fili. Na ji 'yan kallo suna ta kiran a sako yaron nan, wasu har da maganganun da ba su dace a faɗa wa malami ba. Kuka yi kamar ba ku ji ba. Sai a kashi na ƙarshe kuka sa shi, daidai gwargwadon abin da littafi ya ba shi. An ci ku da ƙwallo ɗaya a ranar, kuma mai yiwuwa da ya fara wasan da ba a ci ku ba. Kun san haka kafin ku yanke hukuncin. Wannan ne ya sa nake ganin girmanku, domin riƙe ƙa'ida a ranar da ba za ta ci maka komai ba kowa ma zai iya.

Ya dawo gida ya ƙi cin abinci, mahaifiyarsa ta damu. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne da ya huce ya gaya mana yadda kuka yi da shi bayan an tashi. Ba ku tsawata masa a gaban yara ba. Kun ja shi gefe ƙarƙashin dalbejiya, kuka buɗe masa shafinsa ya gani da idonsa, kuka buɗe na ɗan'uwansa, sannan kuka tambaye shi in shi ne malami wa zai sa. Kuka kuma gaya masa cewa gurbinsa na nan, ranar da shafinsa ya cika zai karɓe shi. Ban je makaranta yin bi-ba'asi ba, don babu abin da zan ƙara a kan wannan.

Bari in daɗe kaɗan a kan ɗan ƙanena, don a kansa ne na ga aikinku da kyau. Ba ku sa shi wasa don tausayi ba. Kun duba kun ga abin da naci zai iya koya masa, kuka ɗora shi a kai. A gajeren bugun kusurwa mutum biyar ne kawai ke tsayawa bayan layin gida, har da mai tsaron gida, sauran sai su koma tsakiyar fili. Da an turo ƙwallo, dole ɗaya daga cikin biyar ɗin ya fita da gudu ya nufi wanda zai buga, ya rufe masa hanya da gorarsa da jikinsa. Ƙwallon gora tauri gare ta, in ta sami ƙwauri sai an yi kwanaki ana ɗingishi. Yara da yawa in an ce su fita sai su yi gudun rabi da rabi, suna kau da fuska. Shi kuka koya wa wannan aiki. Na tsaya wata rana bayan an sallami kowa, na ga ku biyu kaɗai a fili, kuna turo masa ƙwallo yana fitowa, kuna gyara masa yadda zai sunkuya, inda zai ajiye gora, ƙafar da zai fara jefawa. Kun maimaita har aka kira magariba. Yanzu in alƙali ya nuna gida da hannu biyu alamar gajeren bugun kusurwa, yaran da kansu suke waiwayawa suna neman inda yake. Sunan tsokanar nan ya ɓace. Yaron da a da in ana magana a gida sai ya sunkuyar da kai, yanzu shi ke tsara wa ƙannensa yadda za su tsaya a tsakar gida da sandunan tsintsiya.

Na san akwai iyayen da ke cewa aikin mai horarwa shi ne ya ci wasa, in ya ajiye gwani ya sa mai naci ya cuci ƙungiya. Ban raina maganarsu ba, kuma a ƙungiyar manya da ake biya albashi tana da wuri. Amma waɗannan yara ne 'yan sakandare. Kaɗan ne a cikinsu za su ci abinci da gora. Sauran za su zama malamai, 'yan kasuwa, ma'aikatan asibiti, kuma sun taso a inda kullum ake gaya musu cewa sai kana da wani a sama kake samu. A filinku ne wasunsu suka fara ganin wurin da ba haka abin yake ba. Gwanin ma ba a cuce shi ba. Ɗana ya fi kowa cin ribar zaman bencin nan, don yanzu yana komawa tsaron gida, abin da a da yake ganin ya fi ƙarfinsa. Bai zama wani mutum dabam a dare ɗaya ba, har yanzu akwai safiyar da sai ɗan'uwansa ya ja masa bargo. Amma tare suke fita, kuma ya karɓi gurbinsa ta hanyar da aka ce masa.

Shugaban Ofishi, godiyata gare ku ba ta gaza ta Malam ba. Malami ba ya iya riƙe irin wannan ƙa'ida in ofishin da ke samansa na karɓar waya yana sauya jerin sunaye. Mun ji labarin wani mai hali da ya aiko a sa ɗansa, har da alkawarin sayen riguna, kuka amsa masa cikin ladabi cewa rigunan ana so, amma jerin 'yan wasa na Malam ne. Kun tsara lokacin atisaye yadda bai ci karo da Islamiyya ba, da azumi kuma kuka rage shi kuka mayar da shi koyon dabaru marasa gudu. Gorori na ofis kuna ba da aronsu da rubutu, don yaron da mahaifinsa ba zai iya saya ba kada ya rasa atisaye, wanda hakan ke nufin littafin Malam ba ya hukunta talauci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da babu aron nan, da ƙa'idar ta zama ta masu kuɗi. Kuma na ga ƙungiyar 'yan mata ma da irin littafin ake tafiyar da ita, tare da malama mace a bakin fili, abin da ya sa iyaye da dama suka saki jiki suka bar 'ya'yansu.

Wasan nan yana da gindi a Arewa fiye da yadda mutane suka sani. Kada Stars da Kada Queens na nan Kaduna, da Niger Flickers na jihar Neja, duk sunaye ne da aka sani a gasar ƙasa. A watan Janairun 2022 ƙungiyar maza ta Nijeriya ta zo ta uku a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Akara, a filin Theodosia Okoh, bayan Afirka ta Kudu da Masar. 'Yan wasan irin waɗannan ƙungiyoyi ba daga sama suke faɗowa ba, sai an sami malamin da ya tsaya da yaro har magariba. Abin da ke ci mini rai shi ne fili. Tun gasar Olamfik ta 1976 a Montreal manyan wasanni suka koma kan shimfiɗar roba, inda ƙwallo ke tafiya sumul da sauri. Yaranmu a kan jar ƙasa suke koyo, ƙwallo na tsalle a kan tsakuwa, mai tare ta bai san inda za ta nufa ba. Ranar da aka kai su irin filin da ke babban filin wasa na Abuja, sai sun sake koyon tarewa da turawa. Ina roƙon hukumomin wasanni na jiha su duba yadda za a riƙa ba makarantu irin taku damar yin atisaye a kan shimfiɗa, ko da sau ɗaya ne a wata.

Mu ma iyaye akwai namu. Kayan mai tsaron gida saiti ɗaya ne ƙungiyoyin biyu ke karɓa-karɓa, hular ta tsage an ɗaure ta da waya, kuma yaran da ke fita a gajeren bugun kusurwa ba su da abin rufe fuska. Mun yi magana da wasu iyaye, mun amince za mu kawo batun a taron iyaye da malamai mai zuwa don a yi karo-karo. Muna roƙon ofis ya rubuto mana abin da ake buƙata da farashinsa kafin ranar, a fara da abin rufe fuska da na kare ƙwauri.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da haƙuri da yaranmu, ya albarkaci naku 'ya'yan.

Wassalam.

Naku,
Mahaifin biyu daga cikin 'yan wasanku,
Kaduna.