Masu koyon Koriyanci su daina haddar aikatau da siga guda

Ranka ya daɗe, Edita,

Ina roƙon fili don jan hankalin matasanmu masu koyon harshen Koriya, musamman masu neman gurbin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu, wanda sai ɗalibi ya kai mataki na 3 a jarrabawar TOPIK, ta gwajin ƙwarewa a harshen Koriya, kafin ya fara digiri. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne aikatau da sifofin da saiwarsu ke canzawa. A Koriyanci sifa ma juyawa take yi kamar aikatau.

Ƙamus yakan kawo kalma da 다 (da) a ƙarshe. Idan aka cire shi, sai a duba harafin da saiwa ta ƙare da shi. Yawanci canji ba ya tasowa sai ɗafa-ƙeyar da za a maƙala ta fara da wasali.

A ɗauki saiwa mai ƙarewa da ㅂ. Kalmar 덥다 (deopda), yin zafi, tana komawa 더워요 (deowoyo), domin ㅂ ya rikiɗa zuwa 우. Amma da ɗafa-ƙeya mai farawa da baƙi ba abin da ke taɓuwa: 덥고 (deopgo). Biyu ne suka fita daban da 와, wato 돕다, taimakawa, da 곱다, kyau: 도와요, 고와요. Ƙa'idar rubutu ta 1988 ce ta tsayar da haka, shi ya sa mai riƙe da tsohon littafi zai ga 고마와요 a wurin 고마워요, wato na gode.

Matsalar ita ce ido ba ya bambance wanda ke canzawa da wanda ba ya canzawa. 입다, sa tufafi, 입어요 yake bayarwa, ㅂ na nan daram. Haka ㄷ: 듣다, ji, ya zama 들어요, amma 받다, karɓa, 받아요 ne. Mafi ban haushi ita ce 묻다. In tambaya ake nufi, 물어요. In binnewa ce, 묻어요. Wanda ya haɗa su zai binne malaminsa alhali tambaya ya zo yi.

A ㅅ faɗuwa harafin yake yi, kuma ba a haɗe wasulan da suka rage: 낫다, samun sauƙi, 나아요 ne, ba 나요 ba. 웃다, yin dariya, da 씻다, wankewa, kuwa ba ruwansu. Dalilin yana cikin tarihi. A zamanin Sarki Sejong, wanda ya fitar da Hangul, wato haruffan rubutun Koriyanci, a 1446, saiwoyin ㅂ da ㅅ masu canzawa na ɗauke da sautukan ㅸ da ㅿ, waɗanda daga baya suka ɓace.

Na 르 ya fi sauƙi: 모르다 ya ba da 몰라요, 부르다 ya ba da 불러요, sai dai 따르다 da ya tsaya a 따라요. Shi ko ㄹ nasa a juye yake, gaban baƙaƙen ㄴ, ㅂ da ㅅ yake faɗuwa: 살다, 삽니다, 사세요.

Shawarata ga malamai da ɗalibai: duk sabuwar kalma a rubuta ta a siga uku tun ranar farko, ta ƙamus, mai 아요 ko 어요, da mai 고. Sannan a fara haddace ƴan kalmomin ㅂ da ba sa canzawa, irin su 입다, 잡다 da 좁다, tunda yawancin sifofin wannan rukuni masu canzawa ne.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano